Amsa ga Yayana kan Shingen Gidanmu a Mancesta

Yaya, na ga tambayarka a kan hoton da na aika gida, inda ka ce tun da na sare tsohon shinge, me ya hana ni jan katanga kamar kowane magidanci, maimakon in zauna ina zaɓen itacen da tsuntsaye ke so. Ka ƙara da cewa wannan ba zai wuce shawarar surukata, matar ɗana, ba, kuma wannan ce maganar da ta fi tsaya mini a rai.

A Ingila mutum ba ya jan katanga yadda ya ga dama. Duk wadda ta wuce mita 2 sai da izinin ƙaramar hukuma, idan kuma a bakin titin mota take, iyakarta mita 1. Shingen da na tarar na lailandi ne, itacen da kan ƙaru da kusan mita guda a shekara, ya tare rana, ya shanye damshin ƙasa, kuma ban da wurin sheƙa ba ya ba tsuntsu komai. Tun dokar 2003 maƙwabci na iya kai ƙorafi idan irin wannan shinge ya haura mita 2. Saran ma sai da na jira Oktoba, domin dokar 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, lokacin ƙwai kuwa daga Maris ne zuwa Agusta.

Mafi yawan abin da na dasa shi ne hawthorn, wanda suke kira itacen Mayu. Yana da ƙaya kamar magarya, furensa fari yana tara ƙudan zuma, jajayen 'ya'yansa kuma su ne abincin tsuntsayen da ke saukowa daga Sikandinebiya, can arewacin Turai, idan sanyi ya tsananta. Na gauraya shi da wani itacen shinge da ake kira hezel, sannan na jera wani mai suna holi a gefen da iyali ke zama, saboda ba ya zubar da ganye, kuma sutura ba abin da zan yi sakaci da shi ba ne. Na ƙi wata itaciya da suke kira baƙar ƙaya duk da kyawun furenta, domin saiwarta na tsirowa har cikin filin maƙwabci, na kuma ƙi itacen yu saboda gubarsa, ga jikoki suna rarrafe. Hawthorn da hezel ana dasa su tsirara ba ƙasa a saiwa, tsakanin Nuwamba da Maris, biyar a kowace mita, layi biyu. A gindin shingen na bar kafa mai faɗin santimita 13 domin bushiya, wadda a 2020 aka saka ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a Birtaniya.

Surukata ita ta nuna mini inda ake sayen dashen, ban ɓoye ba. Amma abin da ke damunmu, mu da muka zauna a nan, shi ne duk abin da muka yi da bai yi kama da na gida ba, sai a ɗora wa wadda ɗanmu ya aura, a manta cewa yarinyar nan tana azumi tare da mu, kuma ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ba. Ka tuna garkar Inna, wadda ta kewaye da lalle, da aguwar da Baba ya dasa a bakin burtali don kada shanu su shiga gona, da kaskon ruwan da yakan ajiye wa tsuntsaye da bazara. Shi ne ya karantar da mu hadisin da ke cewa Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, ya zama masa sadaka. Babu wanda ya ce Baba ya bar Hausanci saboda aguwa.

Kafin shingen ya yi duhu sai an yi shekara uku zuwa huɗu, saboda haka na kafa allunan katako masu tsawon mita 1.8 a gefen da mata ke zama, kuma za su tsaya a nan har holin ya rufe wurin.