Amsar tambayar amarya kan girkin dare

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanwata amarya, na saurari saƙonki na jiya, inda kinka ce ku bakwai ne a gida har da ƙannen maigida, kuɗin cefane ba su ƙaru ba, kuma tun wata bai raba ba kin rasa abin da za ki aza na dare. Allah shi buɗa muna baki ɗaya. Ba ke kaɗai ba ce, tun da anka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota sunka hau, komai na kasuwa ya bi su, ba gidan da bai ji a jikinshi ba.

To ni dai ga abin da zan ce miki, kuma kada ki ji haushi. Na ji lissafin da kinka yi na abincinki, shinkafa da jar miya, taliya, dafa-duka, sai kuma shinkafa. Ƙanwata, wannan girkin masu albashi mai kauri ne. Jar miya ita ce mai cin kuɗi a ɓoye. Sai kin sayi tumatir, tattasai, tarugu, albasa, ki biya markaɗe, ki zuba mai har shi taso sama, sannan in babu nama a ciki yara su tsaya suna kallonki. Tukunya guda ta cinye cefanen kwana biyu. Ki mayar da ita ta ranar Juma'a ko ranar da anka yi baƙi, sauran darare ki koma ga hatsi da busassun kayan miya.

Tuwo nake nufi, awo, na gero ko na dawa ko na masara, duk wanda ya fi sauƙi a lokacin. Na san za ki ce yara ba su so. Mafi yawa ba tuwon ne ba su so ba, miyar ce ba ta yi ba. Miyar kuka in an yi ta da ganda, ruwa da gishiri da dunƙulen magi, ni ma ba ni ci. Ga yadda za ki yi. Ki daka daddawa mai kyau ta kalwa tare da tonka, wato barkono, albasa guda, 'yar citta da masoro, ki daka su lilis. Ki zuba cikin ruwa da manja cokali biyu, ki samu busasshen kifi ko ɗan ƙarami ne, ki cire ƙaya ki murmushe shi ciki. Sai ki bar ruwan nan shi yi ta dahuwa har ƙaurin daddawa shi fita, ƙamshi shi cika gida. Nan ne mata ke gaggawa. In ya dahu ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Haka za ki yi ma busasshen guro, wato kuɓewa. In kina da wake, ki surfa tafin hannu guda ki jefa tun farko shi narke cikin ruwan miyar, zai ba ta kauri da ƙarfi, ba mai tambayarki nama.

Sannan miyar sure, wato yakuwa, da gyaɗa. Wagga ita ce ta ranar da mai ya ƙare, don gyaɗar da kinka markaɗa ita za ta fitar da nata mai. Ki tafasa suren ki zubar da ruwan farko saboda tsami, sannan ki haɗa. Da damina ma sure da lalo da tafasa da rama kusan kyauta ne, wata a bayan ɗakinta take tsinka. In lokacin kabushi ne, yanka guda ya isa miyar taushe ta gida duka.

Ranar da ba a son tuwo akwai fate. Tsakin masara ko na dawa gwangwani biyu, ganye mai yawa, 'yar gyaɗa da tarugu, sai ki ga tukunya ta cika. Akwai dambu da zogale, akwai ɗan wake da mai da yaji, akwai kudaku, wato dankalin Hausa, a dafa shi a ci da garin ƙuli-ƙuli. Shinkafar ma ban ce ki bar ta ba, amma ki sayi ta gida, irin wadda ake nomawa fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo nan jihar Sakkwato, ki tsince tsakuwa da kanki, ki haɗa ta da wake rabi da rabi. Garau-garau da soyayyar albasa da yaji mai ƙuli, yaro in ya ci shi da dare sai safe. Taliyar leda kuwa ta yara, ki lissafa guda nawa za ki fasa kafin mutum bakwai su ƙoshi, ke da kanki za ki bar ta.

Maganar nama, ki daina auna kanki da tsoka. Ki aika Kasuwar Daji ko wajen mahaucin unguwa a sawo miki ƙashi da ɗan kitse, ki tafasa shi sosai, romon nan shi ne ruwan miyarki. Waken suya ma kada ki raina shi. Ki jiƙa kwano guda, a markaɗo, ki tace, ki dafa ki zuba ruwan tsami, ga awara. Ki soya ki jefa cikin miya ko ki ba yara da yaji. Garin ƙuli-ƙuli kuma kada shi yanke miki a gida, don yana shiga kwaɗon zogale, yana shiga yaji, yana shiga fate.

Amma fa babbar ɓarnar ba a tukunya take ba, wajen saye take. Wanga aike na kullum, a sawo mai na ƙulli, a sawo gishiri na ƙulli, a sawo gari gwangwani ɗaya a shagon bakin layi, shi ke cinye ku. Mai shago ba laifi gare shi ba, shi ma riba yake nema a kowane ƙulli. Ki zauna da maigida cikin daɗin rai, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ki roƙe shi a riƙa haɗa miki kuɗin mako ko na wata a hannu ɗaya. Da su za a auno hatsi a Kara ko Tsohuwar Kasuwa, a kai niƙa sau ɗaya. In akwai mai zuwa Achida ranar Laraba ko Illela ranar Lahadi, a ba shi saƙo, amma ki sa kuɗin mota cikin lissafi, wani lokaci sauƙin duk a hanya yake ƙarewa.

Kuma komai da lokacinshi. Gero da wake da kaka ake sayensu, daga wajen Oktoba, dawa ta biyo baya. Tumatir da tattasai da albasa kuwa sai cikin sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da kayan fadama sunka cika kasuwa. Sannan ne za ki sayi kwando, ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Ranar Sakkwato ba ta wasa, 'yan kwanaki kaɗan sun bushe ƙayau. Kauɗar nan ita za ta riƙe ki da damina sa'ad da ɗanyen tumatir ya gagari kowa. Ki jiƙa ta da ruwan zafi, ki haɗa da albasa a markaɗa. Guro ma haka, ki yanka ki shanya ki daka abinki.

Wake in kin saya da yawa, don Allah kada ki zuba mishi maganin ƙwari, abin da za ku ci ne. Ki shanya shi shi bushe sosai, ki ɗura a jarka busasshiya ki cika ta har baki, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki da kansu za su mutu. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake sayarwa don ajiyar wake, shi ma aikinshi ke nan.

Saura wuta, ko gawayi ne ko itace ko gas, ita ma cefane ce. Ki jiƙa wake tun da rana, ki sa 'yar kanwa kaɗan, ki rufe tukunya. In kin sauke tuwo kada garwashin shi tafi a banza, ki aza ruwan zafi ko ki tafasa ƙashin gobe. Tuwon dare ki ƙara malmala biyu ko uku don ɗumame, kin huta da sayen burodi da safe. Sai dai a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, ki tafasa ragowar miya kafin ki kwanta kuma kada a sake sa mata cokali, in ba haka ba da safe ta yi tsami, an yi asara biyu.

Af, na kusa mantawa. Mu nan layinmu mukan haɗa kuɗi mu huɗu ko biyar mu sayi buhun gero da jarkar manja mu raba da kwano da kwalba, ya fi awon ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙarshen watan nan za mu sake. Amarya, in maigida ya amince sai ki yi mini magana ta gefe in sa ki ciki, haka duk wadda ke so a cikinku, amma ku faɗi da wuri kafin a ba da saƙon.