Tsohuwar kyamarar fim ta ƙi ɗauka, mita kuma tana ƙarya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Salam Malam, na samu Canon AE-1 a cikin kayan babanmu, jikinta fes amma hannun ja fim ya ƙage, in na danna maɓalli shiru. Ta mutu kenan?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yanke mata hukunci tukuna, kuma dan Allah kar ka ja hannun nan da ƙarfi. AE-1 da ta fito a 1976 shatarta, wato labulen da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, da lantarki take aiki, akwai ɗan maganaɗisu a ciki da ke sakin labule, in babu batir ko motsi ba za ta yi ba. Hannun kuma ba ƙagewa yayi ba, an riga an ɗana ta ne tana jiran a ɗauka. Nemi batir 4LR44 ko 4SR44 mai bolt 6, gidansa na gaba kusa da lens, ka buɗe murfin a hankali dan saurin karyewa gare shi. In ka ga farin gari ko kore-kore a ƙarfen ciki toh tsohon batir ne ya zuba, ka goge da auduga da ɗigon binega, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe. In ta tashi kaji tana wani ƙara kamar tari duk sanda ka ɗauka, wannan sanannen ciwonsu ne, man da ke giyar madubin cikin kyamarar ne ya bushe. Tana iya aiki a haka na ɗan lokaci amma a kai wa mai gyara ya ɗiga mata mai a daidai wurin.

Tambaya: Malam ni Minolta SR-T 101 ce dani, na sa sabon batir allurar mitar auna haske na motsi lafiya lau, ina bin abinda ta nuna amma hotunan duk sun fito da duhu. Laifin fim ne ko na masu wanki?

Amsa: 'Yar'uwa inaga duk ba su bane, batirin ne, duk da sabo ne. Kinga kyamarorin wancan zamanin irin SR-T 101, Olympus OM-1 da Canon FTb an gina mitarsu ne akan batirin zaiba PX625 mai bolt 1.35, shi kuma wannan batirin ƙarfinsa baya sauka, a 1.35 yake zama har kusan ranar da zai mutu, shi yasa masu ƙera kyamarar basu damu da sa wani abu da zai daidaita wutar ba. Daga baya aka hana yinsa saboda gubar zaiba. Wanda ake sayarwa yanzu mai siffa iri ɗaya, 625A, alkalin ne mai bolt 1.5, yana shiga gidan daram shi yasa mutane ke ɗauka shikenan. Wuta ta yi yawa, mita sai ta ga kamar hasken ya fi yadda yake, ta sa ki rage ƙofar haske, hoto ya fito da duhu. Abin haushin ma shine alkalin yana ta sauka ne a hankali, kuskuren watan nan daban da na wata uku masu zuwa, dan haka dabarar da wasu keyi ta rage lambar ASA, wato lambar ƙarfin jin hasken fim, bata ɗorewa.

Mafi sauƙi ki sa batirin na'urar ji na masu matsalar kunne, lamba 675, yana bada kusan 1.4 kuma baya rawa, sai dai ya fi ƙanƙanta sai an ɗan kewaye shi da zoben roba, kuma da kin ɓare takardar bayansa ya fara ƙarewa ko kina amfani ko ba kya yi. Ni na fi son adafta da ake kira MR-9, ana sa batirin silba 386 a ciki ita kuma ta sauke wutar zuwa 1.35, an huta.

Ki gwada mitar kafin ki ƙara ɓata fim. Rana tsaka ba gajimare, fim mai ASA 100, ya kamata ta nuna wajen ƙofar haske f/16 da gudun shata 1/125 na daƙiƙa. Ki kuma kwatanta da manhajar auna haske ta waya akan bango ɗaya. In bambancin mataki ɗaya ne wajen ƙarin haske, wato ninki biyu, fim ɗin negatif zai shanye, rashin haske ne baya yafewa. Kuma shatar SR-T bata buƙatar batir sam, ko mitar ta mutu murus kina iya ɗaukar hoto.

Tambaya: Pentax K1000 tawa gefe ɗaya na hoto yana yin baƙi, amma ba kowane hoto ba.

Amsa: Duba waɗanne ne. In da filashi ka ɗauka kuma baƙin ya yanke tsaf kamar da reza, toh ka wuce 1/60 ne, nan ne iyakar K1000 da filashi, kyamara lafiyarta ƙalau. In kuma a rana ne kan 1/500 ko 1/1000, duhun na shigowa a hankali daga gefe, matsalar shata ce. Labule biyu ne ke gudu a jere da ɗan tsaga tsakaninsu, in giris ya daskare na farko ya rage gudu sai na biyu ya cimmasa kafin su kai ƙarshe, tsagar ta rufe. Cire lens, buɗe baya ba fim, ka fuskanci fili mai haske kayi ta ɗauka akan 1/1000, ya kamata ka ga walƙiyar ta cika tagar daga gefe zuwa gefe. Sannan ka sa kan daƙiƙa 1 ka saurara, in zuuu ɗin na tsayawa yana ci gaba ko madubi ya maƙale a sama, tana neman sabis. Wani lokacin yawan ɗana ta da ɗauka yana sassauta ta. Amma wallahi duk wanda ya ce ka fesa man sassauta ƙarfe WD-40 ba masoyinka bane, zai bi labule da gilashi ya gama da ita. Kar kuma yatsa ya taɓa labulen. Af, K1000 bata da makunnin mita, murfin lens ne ke kashe ta, in ka barta a buɗe batir ya tafi.

Tambaya: Olympus Trip 35 ina ake sa mata batir?

Amsa: Ba a sa mata. Wannan gilashin mai ƙuraje da ya zagaye lens seleniyam ne, da haske yake yin wutarsa, kuma tsufa da danshi na kashe shi. Sa ta kan A, wato otomatik, rufe gaban da tafin hannu ka danna, jar tuta ta taso ta hana ɗauka. Cire hannu ka fuskanci haske, ta ɗauka kuma ka ga ƙofar haske ta tsuke. In bata bambance duhu da haske ko dai seleniyam ya mutu ko ganyen ƙofar sun manne, na biyun ana gyarawa. In ganyen lafiya suke ka cire ta daga A ka zaɓi ƙofar da hannu, zata riƙa ɗauka akan 1/40, sai ka sa fim mai ƙaramin ASA dan kar rana ta wanke hoton.