Haɓo bayan shan Flagyl: maganin ne ya jawo?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina yana shan warfarin tun bara, saboda jini ya taɓa daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Makon jiya gudawa ta kama shi, na sayo masa Flagyl da Septrin a wani kemis a nan Daura. Yau kwana biyar, sai ga haɓo, dasashinsa ma yana jini in ya yi asuwaki. Maganin ne ya jawo?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ina kyautata zaton maganin ne, kuma ka kai shi asibiti yau, kada ka bari sai gobe.

Aikin warfarin shi ne rage saurin daskarewar jini, hanta ce kuma ke sarrafa shi ta fitar da shi daga jiki. Flagyl da Septrin kowannensu yana hana hantar wannan aiki, sai warfarin ya taru ya fi ƙarfin jikin, ko da Baba bai ƙara ƙwaya ɗaya a kan yadda aka rubuta masa ba. Kai kuwa biyun ka haɗa masa. Sannan a hanjin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke samar da bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su Flagyl da Septrin, ba ya tambayar wanne ne na gida, duka yake kashewa. Mai gudawa kuma ba ya cin abincin kirki, balle miyar alayyafo da ke ɗauke da wannan bitamin.

Septrin, shi kaɗai ma, wani lokaci yakan rage ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, don haka za a duba wannan.

Ka tafi da duk kwalayen magungunan, har na gargajiya in akwai. Kada a sake ba shi ko ɗaya, warfarin ɗin ma, sai likita ya gan shi. Za a yi gwajin INR, wanda ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare; yawancin masu shan warfarin ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya haura sosai, akwai bitamin K na sha ko na allura da ke gyara shi. Kada a ba shi asfirin ko diclofenac, ƙara zubar jinin suke yi.

In kun ga bahaya baƙi ƙirin, jini a fitsari, aman jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko da tsakar dare ne ku wuce sashen gaggawa.