Katakon zamiyar ƙanƙara: dogo ko gajere?

Tambaya: Malam, zan je Dubai saro kaya, ɗana ya nace sai na gwada zamiyar ƙanƙara a Ski Dubai, wani rufaffen wurin wasan ƙanƙara da ke can. Tsawona santimita 172, nauyina kilo 90, ban taɓa yi ba. Wane tsawon katako, wanda ake maƙalawa a ƙafa a yi zamiyar, zan karɓa? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Alhaji, sannu da ƙarfin hali! Tsayar da katakon a gabanka. Na ɗan koyo, bakinsa ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Gwanaye ne ke ɗaukar wanda ya kai tsakar ka. Gajere ya fi sauƙin juyawa, dogo kuwa sai ana gudu yake nuna amfaninsa, kuma ba ka kai nan ba tukuna.

Don tsawonka kaɗai da na ce santimita 155, amma kilo 90 ba wasa ba ne, nemi 160. Kada kunya ta sa ka rage wa ma'aikacin wurin nauyinka. Da shi yake saita maƙalin da ke riƙe takalminka a kan katakon, don maƙalin ya sake ka in ka faɗi, kada gwiwa ta gurɗe. Faɗuwa kam sai ka yi. Ka tafi da safar hannu, sanyin can ya fi hunturun Katsina nesa ba kusa ba.