Tambaya da Amsa: An zaɓe ni shugabar ɗalibai, ƙawayena sun juya min baya

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce aji uku a ƙaramar sakandare, shekarata 14, an zaɓe ni shugabar majalisar ɗalibai. Tun da na rubuta sunan ƙawata cikin masu latti sai duk suka daina min magana wai na zama ƴar gaban goshin malamai. Dan Allah ya zan yi, ko in ajiye muƙamin ne?

Amsa: Ƴata kar ki ajiye. Amma ki duba, rubuta masu latti aikin firifet ne ko monita, majalisa kuma an kafa ta ne don ta kai kukan ɗalibai gaban hukumar makaranta, in kullum da biro a bakin get suke ganinki dole su ɗauka kin koma ɓangaren malamai.

Ki samu malamin da ke kula da majalisar ku sa ranar zama, kowane wakilin aji ya zo da matsala ɗaya a rubuce, sakatare ya ɗauki bayanin taro, sai ku zaɓi wadda za ta gyaru cikin sati biyu, misali famfon da ya lalace ko tagar da ruwa ke shigowa yana jiƙa littattafan ƴan layin baya, ku kai wa firinsifal da kanku sannan ki sanar a asambuli abin da aka ce muku.

Ita kuma ƙawar taki ki same ta ita kaɗai lokacin tara, ki tambaye ta me ke sa ta latti, wataƙila ƙannenta take fara rakawa makaranta. Ki rubuto min yadda kuka yi.