'Yata ta faɗi tana kallon fim ɗin ban tsoro, an ce aljani ne ya fito daga waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina da 'ya mai shekara 14. Da hutun nan 'ya'yan yayata suka zo mana, suka riƙa taruwa a ɗaki da daddare suna kallon fina-finan ban tsoro a waya, fitila a kashe. Kwana uku a jere suna kaiwa ƙarfe biyu. A dare na uku muka ji ihu, muka tarar da ita a ƙasa jikinta ya sandare, sai ta kama jijjiga, kumfa a baki, har da fitsari. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, kuma ta ciji gefen harshenta. Ƙanwarta mai shekara 9 ba ta faɗi ba, amma tun ranar ko banɗaki sai an raka ta. Baffansu ya ce aljanin cikin fim ɗin ne ya shige ta. Ya kawo wani mai ruƙiyya, ya turara mata hayaƙi, ya yi ta zabga mata tsumagiya wai aljanin yake duka. Hankalina ya tashi. Da gaske fim yana kawo aljanu? In ba haka ba, me ya sa abin da kowa ya san shiri ne yake yi wa mutum haka?

Wata uwa daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya. Kafin komai, daga yau kada a sake barin mutumin nan ya taɓa ta. Zan dawo kansa.

'Ya'yanki biyu ɗaki ɗaya suka yi kallo, amma ba abu ɗaya ya same su ba. Bari in fara da ƙaramar, tata ta fi sauƙi.

Tsoro ne zalla, irin wanda masu fim suka zauna suka ƙera da gangan. Kin ce kowa ya san shiri ne. Haka ne, sai dai sashen ƙwaƙwalwa mai gadin haɗari, wato amigdala, ba ya jiran a kawo masa hujja. Da inuwa ta gilma ko ƙara ta tashi ba zato, ya riga ya sa an saki sinadarin adirinalin a jini, gaba ya faɗi, tsigar jiki ta tashi, kafin hankali ya ce ai waya ce. Akwai wata mata a Amurka da masana na Jami'ar Iowa suka daɗe suna nazari a kanta, wata cuta ta lalata mata amigdala ta ɓangarorin biyu. Sun nuna mata fina-finan ban tsoro kala-kala, ko gezau.

Masu sana'ar kuma sun san cewa abin da ba a gani ba ya fi wanda aka gani razanarwa. Lokacin da darakta Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane, wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri. Dole ya ɓoye shi a yawancin fim ɗin, ya bar kiɗa mai amo biyu kacal ya riƙa sanar da cewa abin yana tafe. Wannan lalacewar ce ta gyara fim ɗin. In kina so ki gwada, kashe sautin kowane fim ɗin ban tsoro ki kalla, rabin tsoron ya tafi. Kakanninmu ma ai sun riga Turawa gano wannan. Ba a yin tatsuniya sai da dare, kuma babu tsohuwar da ke zayyana kamannin Dodo daki-daki. Tambayi yara goma yadda Dodo yake, za ki samu Dodo goma, kowa da wanda zuciyarsa ta sassaƙa masa.

Dalilin da ya sa tsoron ke bin yaro bayan an kashe waya shi ne a wuraren da ya saba da su ake dasa abin: banɗaki, madubi, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa. A 1992 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri na fatalwa mai suna Ghostwatch kamar kai tsaye ake yi, kuma a 1994 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta ba da rahoton yara maza biyu 'yan shekara 10 da firgicin ya zame musu ciwo. Amma yawancin yara cikin kwanaki ko 'yan makonni suke warwarewa. A bar mata fitila, a raka ta ba tare da tsokana ba, a yi addu'ar kwanciya tare. In ta kai wata guda ba sauƙi, a kawo ta. Ki lura kuma da wani abu: fim ɗin na awa biyu ne, amma manyan gidan sun shaida mata cewa aljanin gaske ne, ya fito, yana jikin yayarta, kuma a gabanta ake dukan yayar. Wanne kike ganin ya fi hana ta barci?

Yanzu babbar. Suma a wajen kallo ba sabon abu ba ne. Da The Exorcist, fim ɗin wata yarinya da aljani ya shiga, ya fito a ƙarshen 1973, an yi ta fitar da mutane daga silima a sume, wasu suna amai. Abin mamaki, da yawa ba wajen aljanin suka faɗi ba, wajen da aka nuna yarinyar a asibiti ana soka mata allura a wuya jini yana tsartuwa ne. Irin wannan sumar mun san ta: jiri, gumi, duhu a ido, mutum ya sulale, cikin ƙasa da minti ɗaya ya farka ya san inda yake. Ta 'yarki ba haka take ba. Sandarewa sannan jijjiga, cizon gefen harshe, fitsari, farkawa cikin ruɗewa, wannan siffar bugun farfaɗiya ce. Ba zan yanke hukunci ta wasiƙa ba, kuma faɗuwa sau ɗaya ba ta isa a ce mutum yana da farfaɗiya ba, sai an duba ko zazzaɓi ne, ko sanƙarau, ko sukarin jini ya sauka. Amma asibiti za a duba, ba a tsakar gida da tsumagiya ba.

To ina ruwan fim? Abu biyu. Na farko, wanda na fi zargi, rashin barci: kwana uku tana kaiwa ƙarfe biyu, kuma a cikin abubuwan da ke tayar da bugu ga mai ɗauke da shi, kaɗan ne suka kai wannan. Na biyu walƙiyar haske, wadda masu irin waɗannan fina-finai ke so ƙwarai. A ranar 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani zanen yara na Pokémon a Japan mai walƙiyar ja da shuɗi wajen sau 12 a daƙiƙa ɗaya, aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, galibinsu yara. Babu dodo a ciki, babu fatalwa. An dakatar da shirin wata huɗu, gidajen talabijin suka kafa ƙa'idar haske. Kaɗan ne daga masu farfaɗiya haske ke tayar wa, amma 'yan shekarun 'yarki ne suka fi yawa a cikinsu. Ki tambaye ta ko da safe hannunta yakan zabura har kofin shayi ya suɓuce. Iyaye kan ɗauka sakarci ne, mu kuwa babbar alama ce a wurinmu.

Sai maganar mai ruƙiyya, kuma ki yi haƙuri, a nan zan daɗe, don kusan kullum sai na gamu da ita. Ni Musulmi ne, ban musa samuwar aljanu ba, ga su nan a Alƙur'ani. Ban kuma hana kowa karanta wa marar lafiya Falaƙi da Nasi ba, a karanta, a ƙara. Amma wane littafi ne ya ce aljani yana zaune cikin waya yana jiran a danna? 'Yan wasa ne aka shafa wa fenti, aka biya su, suka koma gida suka ci abinci. In da haka ne, miliyoyin da suka kalli fim ɗin nan a duniya ai da sun cika tituna suna birgima. Yara nawa ne a ɗakin? Ita kaɗai ta faɗi, domin ita ce ƙwaƙwalwarta ke da wannan rauni. An bar jaki ana dukan taiki.

Za su ce miki ai aljanin ya yi magana, har ya faɗi sunansa da garinsu. Hajiya, a kulle kowace yarinya a ɗaki, a cika mata hanci da hayaƙin barkono, a riƙa dukanta ana cewa "faɗi sunanka", wallahi za ta faɗi suna, ko don a ƙyale ta. Kuma sunan da ta saba ji ana faɗa shi za ta faɗa. Bugun farfaɗiya da kansa yake tsayawa cikin minti biyu ko uku, sai mai tsumagiya ya karɓi yabo da kuɗin turare. Bayan wata biyu ta sake faɗuwa, ya ce wani ne daban ya shigo, a kawo rago. Haka ake yi har shekaru su tafi. Sai a kawo mana yarinya an cire ta daga makaranta, bayanta duk tabon bulala, hannu ya ƙone saboda ta faɗa murhu, unguwa ta sa mata suna mai aljanu, ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita wai yawunta yana yaɗa ciwon, alhali farfaɗiya ba a ɗaukar ta ko kaɗan. Sannan a ce mana, "Likita, mun yi iya ƙoƙarinmu." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba bugu in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Bai ce maganin yarinya marar lafiya bulala ba ne. Wanda ya daki 'yar mutane har ya fasa mata jiki, laifi ya yi, ko da ayoyi a bakinsa. Ki nuna wa mahaifinta wannan amsa, shi ya yi magana da ɗan'uwansa.

Mu ma ba mu tsira ba. Na san za ki je asibiti a ce layin gwajin ƙwaƙwalwa na EEG sai wata mai zuwa, ko na'urar ta lalace, ko a nemi katinki a rasa. Irin wannan ne ke kora mutane hannun 'yan damfara. Ki daure. Kada kuma gajiya ta sa a je kemis a sayo maganin da ake ba ɗan maƙwabta. Maganin farfaɗiya iri-iri ne, wani yana ƙara tsananta wani nau'in bugun, wani kamar balfurowet muna taka-tsantsan da shi ga 'ya mace saboda illarsa ga ɗan da ke ciki in ta samu juna biyu nan gaba.

A kai ta cikin makon nan, tare da yaron da ya ga farkon faɗuwar, don shi ne shaidarmu. Kafin nan ta riƙa barci da wuri, kada ta zauna kusa da wuta ko rijiya ita kaɗai, kada ta kulle ƙofar banɗaki. In ta sake faɗuwa, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a juya ta ta gefe. Ba a danne ta, ba a tura cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko rubutu. A duba agogo: in jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta maimaita ba ta farfaɗo ba, a ɗauke ta zuwa asibiti nan take. Wayar nan kuma da ake zargi, wani ya ɗauki bidiyon bugun da ita tun daga farko, ku zo wa likita da shi.