Ɓaraguzan beto ba shara ba ne

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke tara beton da muka fasa a gefen hanya maimakon kamiyo ya kai shi bayan gari, kuma wai tsohon abu zai ɗauki sabuwar hanya?

Dubi ƙasar Maraɗi, rairayi ce har bakin gulbi. Dutsen kirki sai an yi tafiya, kuma gazuwal ne ke cinye kuɗin. Wannan tsibin kuwa tsakuwa ce da aka riga aka saya, aka kawo mana har wurin aiki.

Aikin farko ka san shi. A fasa, a zare ƙarfe, abin da ya tsere, maganaɗisun injin niƙa ya kama shi. A tankaɗe, kada ƙwaya ta wuce milimita 31,5. Katako, leda da laka duk a tsince. Farar filasta ta jifsum ta fi su sharri, don in ta sha ruwa kumbura take yi ta ɗaga kwalta.

Yanzu ɗauki ƙwaya guda ka duba. Ka ga tsohon simintin da ya manne mata, mai ƙananan ramuka? Nan maganar take. Dutsen da aka faso daga wurin fasa dutse da ƙyar yake shan ruwan da ya kai kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyinsa, wannan kuwa yakan sha 3 zuwa 8. Kamar garin rogo ne, ka zuba ruwa, kafin ka juyo ya shanye. In ka ba shi ruwan da ka saba ba tsakuwa, rola za ta yi ta kai da kawowa bai danne ba, balle a zafin Afrilu. Don haka tun yamma ake jiƙa tsibin ya kwana. Da safe ka dunƙula a tafinka: in ya riƙe bai ɗiga ba, ya yi. A shimfiɗa santimita 15 zuwa 20, a danne, sannan a ƙara. Kuma ka ce wa direban rola ya rage girgiza, ƙwayar ba ta da taurin dutse, sai ta koma gari.

In an yi daidai, ragowar simintin yana sake kamawa bayan makonni, shimfiɗar ta ƙara ƙarfi. Amma kada ka sa shi kusa da magudana, farin da yake zubarwa na toshe ta.

Sabon beto kuwa, manyan ƙwayoyin kaɗai ake haɗawa, su ma kaɗan, sai labo, wato ɗakin gwaji, ta gwada. Garin ka bar shi a shimfiɗar ƙasa. Je ka kira mai tankar ruwa kafin la'asar.